Kujerar Talata, Shekara Tara Bayan Anti Saratu

A watan nan Anti Saratu ke cika shekara tara da rasuwa. Duk shekara abin da nake yi bai wuce in kira 'ya'yanta a waya mu gaisa ba, mu ɗan taɓa hirarta, kowa ya koma harkarsa. Bana kuwa shirun ya gagare ni, saboda abin da ta bar mana a wurin aiki ana neman kawar da shi, kuma da hannuna ake so a kawar. Ba gini ta bari ba, ba gidauniya ba. Wata tsohuwar kujerar katako ce, da mutanen da ke zama a kanta duk ranar Talata.

Ga wanda bai san ta ba, Anti Saratu ita ce shugabar sashen kula da ma'aikata a wani asibitin kuɗi da ke Nassarawa GRA a nan Kano. Ɗaukar aiki, ba da hutu, tsara wanda zai wuni da wanda zai kwana, jan kunne, sallama, duk a teburinta suke ƙarewa. 'Yar wajen Zariya ce, Kirista, doguwa, mai magana ƙasa-ƙasa. A Badawa take zaune da 'ya'yanta da wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an lallashe ta. Ita ta ɗauke ni aiki ina ɗanyar amarya, ina ta taƙama da takardar difloma. Na yi shekaru a ƙarƙashinta har muka zama aminai, duk da ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma yau ni ke zaune a teburin nata. Sunana Binta. In an ga son kai a abin da zan faɗa, to akwai shi, ban ɓoye ba.

Ranar da ta yi mini tambayoyin ɗaukar aiki, ta ce in gaya mata yadda nake kallon wurin aiki irin nasu. Na zuba mata abin da na haddace a makaranta: wurin aiki kamar inji ne, kowa ƙusa ne a muhallinsa, in ƙusa ta lalace a cire a sa wata. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Binta, kin taɓa ganin ƙusar da ta kwana da baƙin ciki don an yi mata tsawa a gaban mutane?" Na fito ina da tabbacin aikin ya wuce ni, sai ga shi an kira ni. Daga baya ta ce ta ɗauke ni ne don na yi shiru maimakon in ƙaro mata wata haddar.

Abin da ta yarda da shi shi ne, wurin aiki jiki ne guda mai rai, shugabanninsa da ofishinmu su ne ƙwaƙwalwarsa. Aikin ƙwaƙwalwa kuwa bai tsaya ga ba da umarni ba. Tana ji, tana tunani, tana tunawa, sannan ta mayar da amsa. Wannan ra'ayi ba a littafi ta tsince shi ba. Mahaifinta ya yi aikin wankin miki a wani asibitin kutare, kuma tana yarinya ita ke kai masa abincin rana. Shi ya nuna mata cewa abin da ke raba yawancin marasa lafiyarsa da yatsunsu ba abin da mutane suke zato ba ne. Cutar kan kashe ji ne a hannu da ƙafa. Sai mace ta sauke tukunya daga murhu ba tsumma, hannu yana ƙuna ita ba ta sani ba, sai dai in wani ya hango ya ƙwace. Wutar da kowa ke girki da ita ce dai, saƙon ne kawai bai isa kai ba.

Mai asibitin, wanda muke kira Babban Dakta, Allah Ya ji ƙansa, mutum ne mai barkwanci. Wata rana ina tsaye a bayanta da fayil ya tsokane ta ya ce, "Madam, ke da ƙwaƙwalwar nan taki. Kin dai san ita kanta ƙwaƙwalwar ba ta jin zafi ko? Ana iya taɓa ta mutum yana farke bai ce uffan ba." Ta ce, "Na sani, Dakta. Shi ya sa nake tsoron benen nan naku." Ofisoshin manya a bene suke, ga sanyi ga kafet. Ɗakin wanki kuwa yana can bayan gini, jikin ɗakin janareta. Dakta ya yi dariya har da share hawaye, amma ba a daɗe ba ya amince mata da kujerar.

Ga yadda abin yake. Duk Talata da hantsi manyan asibitin kan yi taro: Dakta, shugabar nas-nas, mai kula da magunguna, akanta, da Anti Saratu. Sai ta sa aka ɗauko wata kujerar katako mai hannu daga ɗakin jira, aka ajiye ta a daman Dakta. Kowane mako sashe ɗaya zai turo mutum ya zauna, kuma su za su zaɓa ba mu ba. Wannan makon masu shara, na gaba masu gadi, sai kicin, sai ɗakin wanki, sai direbobi, sai ƙananan nas, a haka har a zagayo. Mai kujera shi ke fara magana kafin kowa ya buɗe baki, ya faɗi abin da ya yi masa daɗi da abin da ya yi masa ciwo. Ba a katse shi, ba a kuma bin sa da hukunci. Sharaɗin da ya fi ba manya wuya shi ne na ƙarshe. Kafin wata Talatar, babban da maganar ta shafa zai taka da ƙafarsa har inda mutumin yake aiki ya kai masa amsa, ko da amsar a'a ce. Ba a yarda da aike ba, ba a yarda a manna takarda a allon sanarwa ba.

Ban manta Talatar da Baba Asabe ta fara zama ba, lokacin ma ba a fara ce mata Baba ba. Mai wankin zannuwan gado ce, daga Gama take zuwa, kuma tun buɗe asibitin take nan. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce ta cire, ta ɗosana a bakin kujera, ta ce komai lafiya lau, Allah Ya saka wa Dakta da alheri Ya ƙara arziki. Akanta ya buɗe fayil zai fara nasa, Anti Saratu ta ɗaga masa hannu. Muka zauna shiru, irin shirun da har ni mai rubuta bayanin taro na fara jin haushi, domin aiki na jirana a ƙasa. Can Anti ta ce, "Asabe, me ya sa kika ɓoye hannuwanki a cikin mayafi?"

Da ƙyar ta fito da su. Fatar ta saɓule tsakanin yatsu, ta yi jajir, wani wurin ya tsage. Watanni kafin nan an sauya sinadarin wanki zuwa mai ƙarfi, kuma Dakta da kansa ya sayo musu safar hannu a wata tafiya da ya yi, ya ba su, suka yi ta godiya. A bene an ɗauka magana ta ƙare. Ashe safar ta maza ce, manya-manya, ruwan sinadarin yana shiga ciki ya kwanta a kan fata, har gara ma babu. Sai suka ninke su suka adana, suka ci gaba da wanki da hannu haka nan, in sun hango babba tafe su yi maza su zura. Da aka tambaye ta me ya hana su faɗa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Mutum ya tuna da kai a tafiya ya yo maka tsaraba, kai kuma ka ce masa ba ta yi ba? Ai da kunya."

A ranar na gane abin da Anti take nufi. Ba wanda ya yi mugunta a labarin nan. Dakta alheri ya yi, masu wanki kara suka yi masa, kuma karar da kawaicin da muke alfahari da su su ne suka tare saƙon a hanya. Akwai akwatin ƙorafi rataye a baranda shekara da shekaru, duk lokacin da na buɗe ba na samun komai sai yanar gizo da ledar alewa. Mutanenmu ba sa kai ƙarar wanda ya yi musu alheri a akwati. Sai an zaunar da mutum, an jira shi, an kalli abin da yake ɓoyewa. Kafin makon ya ƙare Dakta ya sauka ɗakin wanki da man shafawa da ƙananan safa, ya tsaya kowace ta gwada tata a gabansa.

Kada a ɗauka waliyyiya nake zana muku. Anti Saratu tana da taurin kai na ajin farko, kuma mun sha yin faɗa da ita a kan tsawon taron nan. Akwai Talatar da wani mai gadi ya mayar da kujerar wurin cin naman mai dafa abinci saboda wata tsohuwar gaba tasu, muka zauna muna sauraro kamar a kotu. Daga ranar ta hana a kama sunan wanda ba ya wurin. Takan ce ji daban, tunani daban, ba duk cizon sauro ne zai sa mutum ya tashi gari ba. Buƙatun da aka ƙi sun fi waɗanda aka biya yawa, sai dai kowa ya ji dalili daga bakin babba. Kuma ba ta da sanyin hannu inda ya kamata a yanke. Ta taɓa sallamar wata nas da take ƙauna kamar 'yar cikinta, saboda ta mari mai naƙuda. Bayan yarinyar ta fita ta rufe ƙofa ta yi kuka, ni na miƙa mata hankici, amma ba ta janye sallamar ba.

Wajen tunawa kuwa ban ga na biyunta ba. Ta san wanda mahaifiyarsa ke kwance, da wadda mijinta ya rasa aiki, da direban da bai kamata a tura shi hanyar garinsu ba saboda a kanta ya rasa ƙaninsa. Ita ta tsara cewa da Sallah Kiristoci su riƙe asibitin, da Kirsimeti Musulmi su rama, har abin ya zama kamar tun fil'azal haka yake. Ba ta son a saki tsohon ma'aikaci da wasa. A wurinta tsofaffin su ne suka san me aka taɓa gwadawa ya ƙi, kuma wurin aikin da ya sallame su duka zai wayi gari yana maimaita kurakuransa kamar sabo.

A asibitin namu ta yi jinyarta ta ƙarshe. Wata Talata bayan taro na shiga gaishe ta, ta rame har tabarau ya yi mata yawa. Ta ce, "Su wa suka zauna yau?" Na ce direbobi. Ta ce, "An kai wa masu wanki amsarsu ta wancan makon?" Na ce an kai. Ta lumshe ido. Wannan ita ce maganar aiki ta ƙarshe da muka yi, kuma ba ta bar mini wata wasiyya ba bayan ita. A ƙauyensu aka binne ta, gaba da Zariya. Ma'aikata suka cika motoci, Musulmi da Kirista, Baba Asabe a gaba kusa da direba tana kuka ba sauti.

Nakan tambayi kaina, da za ta leƙo yau me za ta ce? Ba na jin za ta ƙi zamani. Kwamfutar da ta raba mu da neman katin majinyaci a cikin ƙura za ta burge ta. Na'urar dangwala yatsa da aka kafa a ƙofa ma za ta so ta, don ta kashe al'adar sa wa aboki hannu alhali yana gida yana barci. Amma na san za ta tsaya a gefen na'urar da safe ta ga abin da nake gani. Baba Asabe takan dangwala ta sake dangwalawa, na'urar ta ƙi ta, saboda shekarun wanki sun shafe zanen yatsunta. A wurin kwamfuta matar da ta riga kowa zuwa ba ta taɓa zuwa aiki ba, sai na bi na gyara da hannu. Haka kuma an buɗe wa ma'aikata zaure a waya, wai kowa ya faɗi damuwarsa. Abin da ke ciki addu'o'in Juma'a ne, da barka da haihuwa, da sanarwar manya wadda ake bi da "mun gode" a jere. Tsohon akwatin baranda ne dai ya koma cikin waya, ita kuwa Baba Asabe wayarta ma 'yar ƙarama ce mai madannai.

Bayan rasuwar Babban Dakta, ɗansa Nazifi ya karɓi ragamar asibitin. Ba likita ba ne, harkar gudanarwa ya karanta a waje. Ina so a fahimce ni, yaron kirki ne, Anti yake ce mini, ba ya wuce ni bai rusuna ba. Shi ya kawo wutar sola, shi ya gyara ruwa, kuma ya karɓi asibitin a lokacin da dizal da magani suke neman durƙusar da kowa. Watan jiya ya kira ni ofis ya shimfiɗa mini shirinsa. Wanki da shara da gadi za a miƙa su ga wani kamfanin kwangila. Kamfanin zai iya sake ɗaukar mutanenmu, zai iya ƙi, kuma ni da shi mun san ba zai ɗauki tsofaffi ba. Waɗanda ya ɗauka ma sun tashi daga ma'aikatanmu, saboda haka ba su da wurin zama a taronmu. Ya ce, "Anti, aikinmu jinya ne, ba wanki ba. Kowa haka yake yi yanzu." Ni ce zan tara su in sanar da su. A makon ne kuma aka sauya kujerun ɗakin taro da sababbi masu juyawa, aka kwashe tsofaffin zuwa sito, har da ta Talata.

Ban ce lissafinsa ƙarya ne ba, ya fi ni sanin abin da ke shiga da abin da ke fita. Abin da na sani shi ne abin da lissafin bai ɗauko ba. Mai sharar da ke ƙarƙashin ɗan kwangila, in ta ga abin da bai dace ba a ɗakin haihuwa, ko sinadari ya ci mata hannu, ubangidanta za ta gaya wa, in ma ta faɗa. Shi kuwa ubangidan ba abin da yake tsoro kamar ƙorafi ya iso gare mu a ƙwace kwangilar. Hannun zai ci gaba da aiki a jikinmu, amma saƙonsa wani kan daban zai riƙa zuwa, wanda amfaninsa yana cikin yin shiru. Mu kuma a bene za mu ga komai lafiya lau, kamar yadda muka gani lokacin safar hannu, sai ranar da ɓarnar ta fito fili a jikin majinyaci. Wannan fa ban da hakkin mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a bayan ginin nan.

Maigidana ya ce mini, "Binta, ritaya ta kusa, ki lallaɓa ki gama lafiya." Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma na yi kwanaki ina juya maganar. Na ji tsoro, ba zan ce ban ji ba, domin a shekaruna ba wanda zai ɗauke ni sabon aiki. Amma duk lokacin da na zauna zan tsara abin da zan gaya musu, sai in ji tambayar nan ta gadon asibiti, su wa suka zauna yau. Na koma wurin Nazifi na ce masa asibitinsa ne, hukunci nasa ne, amma ba zan sanar da kowa komai ba sai maganar ta bi ta kan kujera kamar kowace magana. In kuma kujerar ta fita ke nan, to ya nemi wanda zai zauna a teburina. Ya yi murmushi irin na wanda ya ɗauka tsufa ne ke damuna, ya ce za mu yi magana.

Ban jira maganar ba. Ranar Litinin na karɓi makullin sito na shiga, na tarar da ita a ƙarƙashin tsofaffin katifu, ƙafa ɗaya tana girgiɗi. Na goge ta, na kira kafinta ya ɗaure ƙafar, na hau da ita bene da kaina ina hutawa a hanya. A cikin sababbin kujerun nan baƙaƙe masu sheƙi ta yi kama da baƙuwa daga ƙauye, na ajiye ta a daman kujerar shugaba inda take tun asali. Allah ne shaidata ban shirya komai ba, layi ne ya zagayo kan ɗakin wanki, su kuma suka turo Baba Asabe.

Washegari Nazifi ya shigo ɗakin taro da waya a kunne, ya tsaya cak. Ya ce, "Anti, wannan fa?" Na ce, "Talata ce, ranka ya daɗe." Ya dube ni, ya dubi tsohuwar, sauran manya kowa ya sami abin karantawa a gabansa. Na riga na ƙudurta cewa in ya ce a fita da kujerar, ni zan ɗauke ta, kuma ba zan dawo ba. Sai ya kashe wayar ya zauna ya ce, "Bismilla, Baba."

Shekarun kujerar sun koya wa Baba Asabe zama, yanzu har jingina take yi. Ta fara da abin daɗi kamar yadda aka saba, ta gode masa da ruwan zafin da sola ta kawo musu, ta ce sanyin bana bai taɓa musu ƙashi ba. Sannan ta ɗora hannuwanta a kan tebur ta ce, "Abin ciwon kuma, Alhaji, a bakin mai shayin ƙofa na ji wai za a miƙa mu ga wasu. Asibitinku ne, in kun miƙa ba mu da ta cewa. Amma zanin da aka naɗe ka a ciki ranar da aka haife ka a ɗakin can na ƙasa, ni na wanke shi. Na ɗauka in za a rabu, a bakinka zan ji." Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi komai ba. Ta ce iyakar abin da ke ranta ke nan.

Nazifi ya ce ya ji, zai rubuto amsa ta ofishina. Na ce masa amsar kujera ba ta bi ta ofis, da ƙafa ake kai ta. Na ga ransa ya ɓaci. Bayan an tashi ya tsayar da ni ya ce na ƙure shi a gaban mutane. Na ce haka ne, na ba shi haƙuri a kan yadda abin ya zo, amma ban ba shi haƙuri a kan kujerar ba. Muka rabu ba wanda ya yi wa wani dariya, na sauko ban san ko ina da aiki gobe ba.

Ranar Alhamis da hantsi ina teburina, tagata tana kallon bayan gini, sai na hango shi. Shi kaɗai, ba akanta ba kowa, yana tsallake kwatar ruwan wanki da takalminsa mai tsada, yana sunkuyawa ta ƙarƙashin jiƙaƙƙun zannuwan da aka shanya. Ya ɗan yi dube-dube kafin ya gane ƙofar, don rabonsa da wurin tun yana yaro. Ya daɗe a ciki. Abin da ya gaya musu, kamar yadda Baba Asabe ta ba ni labari, bai soke shirin ba. Ya dakatar da shi zuwa ƙarshen shekara, ya bayyana musu halin da asibitin yake ciki ba ɓoye-ɓoye, ya ce kowane sashe ya zo da shawarar inda za a rage ɓarna, kuma duk abin da aka yanke a bakinsa za su ji. Ta ce da zai tafi ya tsaya yana kallon hannuwanta, ya tambaye ta ko gaskiya ne na'urar ƙofa ba ta karɓar yatsanta.

Saboda haka ba nasara nake ba ku labari ba. Ƙarshen shekara na nan tafe, dizal bai sauko ba, ɗan kwangilar ma bai daina zirga-zirga ba. Mai yiwuwa a ƙarshe in sha kaye, in tattara 'yan komatsaina in koma gida. Amma daga nan zuwa lokacin akwai Talatu da yawa, kuma kowace ɗaya zan tabbatar da mutum a kan kujerar nan, zan kuma tsaya a kan mai amsa sai ya taka. Direbobi ne a layi, bayansu ƙananan nas. Na riga na gaya wa maigidana ya daina lissafa mini ritaya.

In aka tambaye ni me ya rage na Anti Saratu bayan shekara tara, ba zan nuna hotonta da ke bangon ofis ba, yawancin sababbin ma'aikata ba su san ko wace ce ba. Kujerar ma katako ce, wata rana gara za ta gama da ita. Abin da ya rage shi ne 'yar hanyar nan da ta tashi daga bene, ta bi ta gefen janareta, ta tsallake kwata, ta shiga ɗakin wanki. Ita ta fitar da hanyar, Babban Dakta ya bi ta har ya tsufa, kuma ranar Alhamis na ga ɗansa a kanta da jiƙaƙƙen takalmi. Ina kewarki, Anti, kewar da ban iya faɗa wa kowa a ofis ba. Kin tambaye ni ko an kai amsa. An kai, kuma hannun nan har yanzu in ya taɓa wuta kai yana ji.